Yadda Ake Kafa Zango a Bakin Kogi Cikin Dajin Duwatsun Gashaka

Gashaka-Gumti shi ne mafi girma a cikin gandayen dajin ƙasa na Najeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya kwanta tsakanin jihohin Taraba da Adamawa, ya jingina da iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗe tsofaffin gandayen Gashaka da Gumti aka mai da su guda. A cikinsa Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Daga waɗannan duwatsu koguna irin su Mayo Kam da Mayo Gashaka suke gangarowa, su haɗu da kogin Taraba, shi kuma ya kai ruwansa Binuwai.

Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Maraɗi, inda yawancin koguna yashi ne zalla da rani, ranar da ya fara ganin ruwa garau yana gudu kan duwatsu a tsakiyar watan Fabrairu, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ya shimfiɗa tabarma nan bakin ruwan ya kwana. Wannan sha'awar ce ya kamata ya fara dannewa. Ana kwana kusa da kogi, amma a samansa, da tazara. Sauran abubuwan da zan faɗa duk suna da muhimmanci, sai dai babu wanda ya kai zaɓen wurin kwana, don haka a nan zan fi daɗewa.

Lokaci da izini

Ka tafi tsakanin Disamba da Maris. Damina a wannan yanki ba irin tamu ta can arewa ba ce: tana faɗuwa tun wajen Afrilu, ba ta ɗaukewa sai wajen Nuwamba, kuma a tsakani hanyoyi suna lalacewa, koguna su cika su hana ƙetarewa. Disamba da Janairu sun fi sanyi da dare. Zuwa Maris ruwa ya ja sosai, ciyawa ta ƙone ko ta kwanta, ana ganin dabbobi da kyau, amma rana tana da zafi a kwari, kuma hadarin farko yana iya tasowa a kan duwatsu ba zato.

Ƙofar shiga ɓangaren kudu ita ce Serti, a kan hanyar da ta taso daga Jalingo ta bi ta Bali ta haura tsaunin Mambila zuwa Gembu. A nan ofishin gandun yake. Ka fara zuwa can ka rubuta sunanka da na abokan tafiyarka, ka faɗi inda kuke son zuwa da kwanakin da za ku yi, ka biya kuɗin shiga, a haɗa ku da ma'aikacin gandu da zai raka ku. Kada ka ɗauki wannan rakiya a matsayin wata doka da aka ɗora maka kawai. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ya san tafkin da dorina take, da mashayar ɓauna, da kwarin da bai kamata a bi ba a wannan makon saboda mafarauta ko wasu baƙin fuska. Maganar tsaro kuwa a yi ta tun kafin a baro gida, a sake yin ta a Serti, kuma in ma'aikata sun ce wuri kaza ba ya shiguwa yanzu, magana ta ƙare. Farauta haramun ce a cikin gandun, sare itace ɗanye ma haka, kamun kifi kuma sai da izini.

Ku kasance mutum uku zuwa shida. In ɗaya ya ji ciwo, wani ya zauna da shi, wani ya tafi neman taimako. Ka bar wa wani a gida ranar da za ku fito, domin da kun nutsa cikin dajin sabis ɗin waya yakan ɗauke.

Kayan da za a ɗauka

Duk abin da ka ɗauka a bayanka zai hau dutse, don haka jakarka kada ta wuce kilo 12 zuwa 15. Abin da ya fi haka a nemi 'yan dako daga ƙauyukan kusa, a yi ciniki da su tun kafin a tashi, a kuma lissafa abincinsu cikin na ayari.

Na kwana: tanti mai raga da zif mai kyau. In babu, tamfol mai faɗi da gidan sauro mai magani da igiya doguwa sun wadatar da rani. Ka haɗa da leda mai kauri ta shimfiɗa ƙasa, da tabarma ko katifar soso siririya, da bargo. Kada ka raina bargon nan. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6, ga kuma iskar sanyi da ke gangarowa daga duwatsu cikin dare ta taru a kwarin kogi. Rigar sanyi, hular sanyi da safa su shiga jaka.

Na aiki: adda mai kaifi, wuƙa, tocila ga kowane mutum da batir na ajiya, ashana a ƙulle cikin leda da laita biyu, tukunya ɗaya, butar shayi, jarka mai lita 10, butar alwala, ɗan ƙaramin shebur ko fartanya, da buhun da za a kwaso shara. Takalmi rufaffe mai tauri na tafiya, da na roba na shiga ruwa. Tufafi masu dogon hannu, kalar ƙasa ko ruwan toka, domin ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi.

Na ci: abin da ba ya lalacewa kuma ba ya cin itace da yawa. Garin rogo da ƙuli-ƙuli da suga, shinkafa, taliya, kilishi, busasshen kifi, dabino, dakuwa, albasa, daddawa, yaji, gishiri, man gyaɗa a gora mai murfi, ganyen shayi da madarar gari. Wake yana da daɗi amma yana cinye itace da lokaci, a bar shi a gida.

Na magani: bandeji, filasta, aidin, farasitamol, gishirin ORS, maganin zazzaɓin cizon sauro irin na ACT, maganin shafawa mai korar sauro, da ƙwayar tsabtace ruwa ko Water Guard. Mai shan maganin hawan jini ko suga ya ɗauki fiye da na kwanakin da aka tsara.

Zaɓen wurin kwana

Ku isa inda za ku sauka kafin la'asar. A cikin kurmi da kwari duhu yana riga magariba shigowa, kuma ba a zaɓen wuri da tocila. Ku ajiye kaya, mutum biyu su zagaya da jagora, sauran su huta.

Abu na farko, ka ɗaga kai ka dubi itatuwan gaɓa. Za ka ga busasshiyar ciyawa da ƙirare da ganye sun maƙale a rassa, duk sun karkata gefe guda, wani lokaci sama da tsayin mutum. Ruwa ne ya rataye su a nan lokacin da kogin ya cika. Ka dubi duwatsu kuma, akwai layin da launinsu ya sauya, ƙasa da shi sun yi sumul, sama da shi gansakuka ta kama. Waɗannan alamu biyu suna gaya maka iyakar kogin ta gaskiya, wadda ba ita ce kake gani da rani ba. Zangonka ya kasance sama da su. Yashin nan mai laushi da ke tsakiyar kogi ko gefensa, wanda ya fi ko'ina daɗin kwanciya, cikin gadon kogin yake. Kogin dutse ba ya jiran a yi ruwa a inda kake. Ana iya tafka ruwa a kan tsauni mai nisan kilomita da yawa, kai kana ganin taurari, cikin dare ruwan ya iso da itace da duwatsu. In ka ga ruwan da yake garau ya fara yin ja, ko ganye da kumfa sun fara yawa a kansa, ko ƙararsa ta sauya ta yi nauyi, ku hau tudu nan take, kaya su biyo baya. Dabara mai sauƙi: da isarku ka kafa tsinke a daidai bakin ruwa, ka riƙa dubawa. In ruwa ya haura tsinken, wani abu na faruwa a sama.

Abu na biyu, ka sunkuya ka karanta ƙasa. A Mayo Kam akwai dorina, kuma dorina da rana take ruwa, da dare take fitowa kiwo, ta hanya guda da ta saba bi. Hanyar ba ta ɓoyuwa: wata gangara ce da aka murje a jikin gaɓa, mai faɗi, sawu manya masu yatsu huɗu a layi biyu, da ɗan tudu a tsakaninsu, ga kashi a warwatse jikin ciyayi da kututture, domin da wutsiya take watsa shi. Wanda ya kafa tanti a kan wannan hanya ya shiga tsakanin dorina da ruwanta, kuma babu wuri mafi haɗari a dajin gaba ɗaya. Haka nan duk inda ka ga sawun kofato da yawa sun sauka ruwa, mashaya ce. Ka bar wa masu ita. Ka nisanci tafki mai zurfi wanda ruwansa ya kwanta shiru, nan ne wurin kada. Inda ruwa ke gudu kan duwatsu bai kai gwiwa ba ya fi aminci wajen ɗiba da wanka, amma shi ma sai jagora ya duba.

Abu na uku, abin da ke saman kanka. Kada ka kwana ƙarƙashin busasshen reshe ko itacen da gara ta ci. Ɓaure mai 'ya'ya yana tara birai da jemagu da tsuntsaye, su kuma su tara abin da ke cin su. In ka ga kashin biri da yawa a gindin itace, makwancin gwaggon biri ne, za su dawo da yamma. Ka saurara ko akwai kukan ƙudan zuma a kogon itace, domin hayaƙin girkinku zai iya tayar da su.

Wurin da ake nema shi ne ɗan tudu mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sama da alamar ambaliya, taku sittin zuwa saba'in daga ruwa, inda iska ke ɗan kaɗawa, kuma akwai hanyar hawa sama a bayansa in an buƙaci gudu. Tazarar nan tana rage sauro da raɓa, tana kuma rage wani ɗan baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, mai cizo da rana, wanda ke yaɗa cutar nan mai sa ƙaiƙayi da makanta da aka daɗe ana fama da ita a ƙauyukan bakin kogi na Taraba. Ƙarar ruwan ma in ta yi kusa tana toshe kunne, ba za ka ji motsin komai ba.

Kafa zango

A share wurin da adda da reshe mai ganye har ƙasa ta fito, a kwashe duwatsu da ƙaya. Duk dutse ko gungumen da za a ɗaga, a juya shi da sanda tukuna, a jawo shi ta yadda abin da ke ƙarƙashi zai gudu gaba, ba wajen ƙafarka ba. A duba ko akwai layin kwarkwasa. In akwai, a sauya wuri kawai, ba a jayayya da su. Wasu sukan zagaye makwanci da toka mai sanyi, yana ɗan taimakawa.

Shimfiɗa leda, kafa tanti a kanta, ƙofa ta juya wa iska baya, kai ya kasance ta wajen tudu. Mai tamfol ya ɗaure igiya tsakanin itatuwa biyu daidai ƙirji, ya yafa tamfol a kai, ya ja kusurwa huɗu ya ɗaure a turaku, sannan ya rataya gidan sauro a jikin igiyar ta ciki ya cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ta ko'ina. Zif ɗin tanti a rufe yake kullum, ko fita za ka yi ka dawo yanzu.

Tun da sauran haske a tsayar da alƙibla, daga nan gabas ce maso arewa, a share wurin salla. A kuma nuna wa kowa inda makewayi yake. A haƙa rami mai zurfin taƙi guda, nesa da kogi da aƙalla taku saba'in, ba a kan hanya ba, a ajiye ƙasa a gefe ana rufewa. A yi tsarki da buta a can, kada a gangara kogi. Addini ya riga ya hana yin bahaya a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa, kuma ruwan nan da ya wuce ku akwai ƙauyen da zai sha shi a ƙasa.

Wuta

Murhu ya yi nisan taku goma daga tanti, ta inda iska za ta kwashe tartsatsi ta yi gaba da shi. A kankare ciyawa da busasshen ganye taku uku ta kowane gefe. Da rani ciyawar nan ba ta buƙatar fiye da tartsatsi ɗaya, kuma wutar daji tana hawa gangara da saurin da mutum ba zai tsere mata ba.

Duwatsun murhu a ɗebo su daga tudu, busassu. Dutsen da aka tsamo daga kogi yana iya riƙe ruwa a cikinsa, in ya yi zafi ya fashe ya watso tsakuwa a fuska. Itace kuwa wanda ya faɗi ya bushe za a tsinta, mai kaurin damtse ko ƙasa da haka, kuma a tara na dare da na safe gaba ɗaya kafin duhu, domin tsintar itace da dare ita ce hanyar da aka fi gamuwa da maciji. A rufe na safe da leda saboda raɓa. Ƙaramar wuta ta ishi girki da shayi. In za a kwanta, ko dai a yi kwanan gadi bi da bi wani yana kallonta, ko a kashe ta da ruwa. Barin wuta tana ci kowa yana barci abu ne da Annabi (SAW) ya hana ko a cikin gida.

Ruwan sha da girki

Ruwan dutse yana da haske da sanyi, amma akwai rugage da shanu da namun daji a samanku. A ɗebo daga inda yake gudu, sama da wurin wanka, da rana, mutum biyu, ɗaya yana ɗiba ɗaya yana kallo. In da laka a tace da ƙyalle mai tsabta ko a sa ɗan alam ya kwanta. Sannan a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, in kuma kun hau sama da mita 2,000 a ba shi minti uku. Mai amfani da ƙwayar tsabtace ruwa ya bi ƙa'idar da ke jikin kwalin, ya jira rabin awa. Kowane mutum ya yi lissafin lita uku zuwa huɗu a yini. A tafasa na gobe tun da dare ya kwana ya huce.

Wanka da wanki a ɗebo ruwa a fito da shi tudu, kada sabulu ya shiga kogi. A guji shiga ruwan da ya tsaya mai ciyayi da dodon koɗi, nan ake ɗaukar tsargiya.

Ku ci abincin dare kafin magariba ku wanke tukunya. Kada a kwana da abinci a tanti, ko da ƙullin kilishi ne. A zuba komai a buhu, a ɗaure, a rataye a reshe nesa da makwanci. Gwaggon biri yana da wayo da ƙarfin hali, in aka ba shi sau ɗaya zai dawo da 'yan uwansa, kuma waɗanda za su sauka a wurin bayanku su za su sha wahalarsa. Kada a ba kowace dabba komai.

Dare da safiya

Ba a fita da dare ba tocila, ba a fita ba takalmi, ba a gangara kogi ko da me. Ruwan alwalar isha da asuba a tanade shi a buta tun da rana. Takalmi ya kwana cikin tanti ko a kife kan sanda, da safe a kakkaɓe shi kafin a sa saboda kunama. Za ka ji kuke-kuke iri-iri, gurnanin dorina daga ƙasa, haushin gwaggon biri daga kan duwatsu, wani lokaci da asuba ihun birin cimfanzi daga kurmi mai nisa, domin wannan gandu yana cikin manyan mafakarsa da suka rage a Afirka ta Yamma. In wani abu ya dame ka, ka ta da jagora a hankali: “Malam, ka ji wannan?” Shi zai gaya maka ko na tashi ne ko na komawa barci.

In maciji ya sari wani, a kwantar da shi, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi a nufi asibiti. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau, kada a ɓata lokaci wajen neman macijin. Allurar kashe dafi ita ce magani, kuma kowace awa tana da daraja. Kasa ta fi ba da tsoro a irin wannan wuri, domin ba ta gudu, kwanciya take cikin busasshen ganye a kan hanya. Sanda a hannu da kallon inda za a taka su ne kariya.

In tafiyar gobe ta haɗa da ƙetare kogi, a yi shi da safe, a wuri mai faɗi marar zurfi. A kwance maɗaurin jaka na ƙugu, a sa takalmin roba, a dogara sanda ta wajen da ruwa ke fitowa, a fuskanci can, a riƙa jan ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ruwa mai gudu in ya haura cinya, a haƙura a jira ko a nemi wani mashigi.

Tashi

A shanya tanti da bargo su sha rana kafin a naɗe, domin raɓar kwari tana jiƙa su sharkaf. A zuba wa murhu ruwa, a motsa tokar da sanda, a ƙara ruwa, a kai bayan hannu kusa a ji babu ɗumi. Rufewa da ƙasa kawai ba ya kashe garwashi. A mayar da duwatsun inda aka ɗauko su, a cike ramin makewayi, a kwance duk igiyar da aka ɗaura a itace. Leda, gwangwani, batir, kwalba, duk su shiga buhu su fita tare da ku har Serti. Batir musamman kada a binne shi ko a jefa a wuta.

In kun bi ta ƙauye ko ruga, ku tsaya ku gai da jauro ko arɗo, ku nemi izini kafin ɗaukar hoton kowa. Ku sallami 'yan dako da abin da aka yi alkawari, a hannunsu, ku kuma yi wa jagora ihsani. Ku koma ofis ku shaida kun fito lafiya, ku faɗi abin da kuka gani na tarko ko wuta ko sare itace, domin ma'aikata suna amfani da irin wannan labari.

Bayan an dawo gida a sa ido a kan jiki na tsawon wata guda. Zazzaɓin cizon sauro ba ya bayyana sai bayan mako guda ko fiye da cizon. Duk wanda ya ji zazzaɓi, ko ya ga jini a fitsari, ko wani ƙurji da ya ƙi warkewa a inda ƙuda ya cije shi, ya je asibiti a yi gwaji, ya kuma gaya wa likita cewa ya kwana a bakin kogi a dajin Gashaka.